Kyarkeci da Takardar Izini: Wa Ke da Haƙƙin Harbi a Gandayen Kiwon Amurka?

A cikin shekarar 1982 wani makiyayi mai suna Richard Christy ya kora tumaki kimanin 1,700 zuwa wani fili da ya yi haya daga hannun al'ummar Blackfeet, a gefen gandun dajin Glacier da ke jihar Montana ta Amurka. Daga farkon watan Yuli dabbar nan da ake kira beyar ta fara shiga garken kusan kowane dare. Da ɓarnar ta kai tumaki wajen ashirin, sai ya ɗauki bindiga ya harbe beyar guda. Kafin ƙarshen watan ya kwashe garkensa daga wurin, bayan ya rasa tumaki 84. Hukuma ta ci shi tarar dala 2,500, domin irin wannan beyar tana cikin namun dajin da dokar tarayya ta 1973 take kārewa. Ya ɗaukaka ƙara, amma a 1988 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta yanke cewa kundin tsarin mulkin Amurka bai ba mutum haƙƙin kashe dabbar da doka ta kāre don kawai ya tsare dukiyarsa ba, kuma gwamnati ba ta da alhakin biyansa, tunda beyar ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraren maganar.

Hukuncin ya rufe shari'ar Christy, amma bai rufe tambayar da ke ƙarƙashinta ba. Idan al'umma ta yanke shawarar cewa wata dabba mai cin nama ba za ta ƙare daga doron ƙasa ba, wa zai ɗauki nauyin abin da dabbar za ta ci? Amsar da hukumomin Amurka suka fi karkata a kanta cikin shekaru talatin da suka wuce ita ce takardar izini, wato a ba mai fili damar kashe dabbar da ta addabi garkensa bisa wasu sharuɗɗa. Matsayin wannan maƙala shi ne ba da irin wannan izini daidai ne, amma hujjar da ta halatta shi hujja ce ta adalci, ba a tabbatar da cewa harbi yana maganin ɓarna a kowane hali ba. Don haka ya kamata izinin ya kasance ƙuntatacce, kuma a rataya shi a wuyan garke da mai kiwonsa maimakon takardar mallakar ƙasa.

Kafin a ci gaba, akwai ɗan tsokaci da manazarta harshe za su so a yi. Dabbar da ta fi tayar da jijiyar wuya a wannan muhawara ita ce wadda ake fassarawa da kyarkeci. Asalin kyarkecin Bahaushe shi ne karen dajin nan mai dabbare-dabbare da ke farauta a gungu a dazuzzukan Afirka, kuma masu fassara ne suka ara wa dabbar ƙasashen sanyi sunansa, kamar yadda aka yi a fassarar ƙissar Annabi Yusufu. Shi kyarkecin asali ya kusa ƙarewa a Afirka ta Yamma, ta yadda yawancin masu furta sunan a yau ba su taɓa ganin mai sunan ba. Da ma'anar aron za a yi amfani da kalmar a nan.

Yadda aka iso ga takardar

Gwamnatin Amurka da kanta ce ta jagoranci ƙarar da kyarkeci tun da farko. Da guba da tarko da ladan kawo fata aka share shi daga yawancin ƙasar, har aka kashe na ƙarshe a gandun Yellowstone a 1926. Dokar 1931 ta ba Ma'aikatar Aikin Gona ikon yaƙar dabbobin da ke ɓarna ga noma da kiwo, kuma sashen da ke wannan aiki yana nan har gobe. Da ra'ayin jama'a ya juya, sai aka yi dokar kāre halittun da ke dab da ƙarewa a 1973, aka shigar da kyarkeci ƙarƙashinta. A 1995 da 1996 aka kamo kyarketai daga Kanada, aka saki 31 a Yellowstone, 35 kuma a tsakiyar jihar Idaho.

Masu kiwo ba su yi maraba da baƙin ba, kuma hukuma ta san ba za su yi ba. Abin da ya sa shirin ya yiwu shi ne wani gyara da aka yi wa dokar a 1982, wanda ya ba da damar a ɗauki dabbobin da aka sake dasawa a matsayin na gwaji, a sassauta kāriyarsu. A ƙarƙashin ƙa'idar da aka fitar a 1994, mai fili yana iya harbin kyarkecin da ya tarar yana cizo ko kashe dabbarsa a cikin filinsa, da sharaɗin ya kai rahoto cikin awa 24, kuma jami'ai su ga raunin da idonsu. Ke nan izinin kisa yana cikin yarjejeniyar tun ranar farko, shi ne ma farashin da aka biya aka sayi dawowar kyarkecin. Duk mai son a soke shi gaba ɗaya a yau, yana neman a warware cinikin ne bayan an riga an karɓi kaya.

Masu adawa da izinin sukan kawo ƙididdiga, kuma ƙididdigar tasu gaskiya ce. Binciken Ma'aikatar Aikin Gona na shekarar 2015 ya nuna cewa daga cikin manyan shanun da suka mutu a ƙasar, kusan kashi 98 cikin 100 ba namun daji ne suka kashe su ba. Cututtukan numfashi, da tsufa, da wahalar haihuwa, da tsananin yanayi su ne manyan masu kisa. A wajen maruƙa, rabon namun daji ya kai kimanin kashi 11 cikin 100, kuma a cikin wannan ma koyoti, ɗan'uwan dila, shi ne kan gaba da nisa, kyarkeci yana can ƙasa. Sai dai ƙididdigar ƙasa baki ɗaya tana ɓoye abin da ya fi muhimmanci, wato yadda asarar take taruwa wuri guda. Kyarkeci ba ya bi gida-gida yana karɓar zakka daidai wa daida. Gungu ɗaya yakan koyi cin maruƙan kwari ɗaya, ya yi ta komawa ga gandu biyu ko uku, alhali maƙwabtan da ke bayan tsauni ba su rasa ko kofato ba. A faɗa wa wanda ya rasa maruƙa goma sha biyar a kaka ɗaya cewa asarar ƙasa ƙalilan ce, tamkar a faɗa wa wanda gobara ta cinye rumbunsa ne cewa bana an yi albarkar gero.

Jihar Kolorado ta fito da wannan rashin daidaito fili. A watan Nuwamban 2020 aka jefa ƙuri'ar raba gardama kan a dawo da kyarkeci jihar, masu goyon baya suka yi nasara da kashi 50.9 cikin 100. Ƙuri'un amincewa sun fito ne galibi daga birane irin su Denver da Boulder, amma dokar ta ce a saki dabbobin a yammacin jihar, yankin da yawancin gundumominsa suka ce ba sa so. A watan Disamban 2023 aka saki goma da aka kamo daga Oregon, a Janairun 2025 aka ƙara goma sha biyar daga Kanada. Bahaushe ya riga ya yi wa irin wannan rabo suna: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗan birni ya sami daɗin sanin cewa kyarkeci yana kuka a duwatsun jiharsa, makiyayi kuma shi ke tashi da tsakar dare. Al'ummar da ta ɗora wa ƴan tsiraru nauyin abin da mafi rinjaye suke so, ba ta da bakin hana su tsayawa tsakanin haƙoran kyarkeci da wuyan maraƙi.

Za a ce ai akwai diyya. Akwai, kuma ta daɗe: wata ƙungiyar masu kāre namun daji ta buɗe asusun biyan makiyaya tun 1987, daga baya jihohi suka karɓi aikin, har Kolorado takan biya abin da ya kai dala 15,000 a kan dabba guda. Amma diyya tana bin shaida ne, shaida kuwa tana buƙatar gawa. A filin kiwo mai faɗin dubban eka, maraƙin da aka kashe yau yana iya zama ƙashi da fata kafin mai shi ya iske shi, wani ma ba a ganinsa har abada. Haka nan saniyar da ta rame don fargaba, ko ta kasa ɗaukar ciki, ba ta da raunin da jami'i zai ɗauki hotonsa. Diyya tana rage zafi, amma ba ta maye gurbin ikon kāre abin da mutum ya raina da hannunsa.

Shin harbin yana magani?

A nan ne masu goyon bayan izini ya kamata su sassauta murya, domin binciken masana bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. A 2014 wasu manazarta biyu na Jami'ar Jihar Washington, Wielgus da Peebles, suka wallafa nazarin bayanan shekaru 25 daga Montana da Idaho da Wayomin, suka ce kashe kyarketai a shekara guda yakan zo tare da ƙaruwar ɓarna a shekarar da ke biye. Maganar ta yi tashe a jaridu, amma wasu masana lissafi da suka sake bin bayanan nan da wata hanya sun fito da sakamako akasin haka. A 2015 kuma Bradley da abokan aikinta suka duba abin daga matakin gungu ɗaya-ɗaya, wanda shi ne matakin da makiyayi yake rayuwa a kansa. Sun tarar cewa inda ba a kashe ko ɗaya ba, ɓarna takan dawo cikin kimanin kwana 19. Inda aka kashe wani sashe na gungun, kwana 64. Inda aka kawar da gungun duka, kwana 730. A lissafin shekara biyar, kawar da gungu duka ya rage maimaituwar ɓarna da kashi 79 cikin 100, kashe wani sashe kuwa da kashi 29 kacal.

Wannan sakamako ya kamata ya dami kowa. Abin da takardar izini take ba mai fili damar yi, wato harbin ɗaya ko biyu, shi ne mafi ƙarancin amfani a cikin matakan kisan. Abin da ya fi aiki kuwa, share gungu ɗungurungum, ba aikin mutum ɗaya da bindigarsa ba ne, kuma babu hukumar da ta san abin da take yi da za ta miƙa wa mai gandu irin wannan iko. Dalilin raunin harbin ɗaiɗai ba boyayye ba ne. Kyarkeci dabba ce mai zaman iyali: uwa da uba da ƴaƴan shekara ɗaya ko biyu. Idan harsashi ya sami ɗaya daga cikin iyayen, gungun yana iya watsewa, ƙananan da ba su ƙware da farautar manyan namun daji ba su koma ga abin da ya fi sauƙin kamu, wato tunkiya da maraƙi. Idan kuma ya sami wanda ba shi ne mai ɓarnar ba, an yi asarar rai ba a taɓa matsalar ba. Wani nazari da aka yi a jihar Mishigan, aka wallafa a 2018, ya nuna alamar cewa ko da kisan ya sauƙaƙa wa gandun da aka yi shi, yana iya tura haɗarin zuwa gandayen maƙwabta. Wato mai izini ya kori ɓarawo daga gidansa, ya nuna masa katangar maƙwabci.

Duk da haka akwai yanayi guda da shakka ba ta shiga: lokacin da aka tarar da dabbar a kan ganimarta. A nan babu kuskuren wanda ake tuhuma, kuma harbin yana ceton dabbar da ke ƙasa nan take. Izinin wannan lokaci shi ne mafi tsafta, kuma bai kamata a sa mutum ya nemi takarda kafinsa ba. Rahoto da shaida bayan faruwar abin sun isa. Matsalar tana farawa ne daga inda aka ce a ba shi kwanaki ko makonni ya harbi duk kyarkecin da ya gani a filinsa. Da zarar tazara ta shiga tsakanin laifi da hukunci, yiwuwar a kashe wanda bai ci ba bai sha ba tana ƙaruwa.

Akwai wata hujja da hukumomi suka daɗe suna jingina da ita, cewa barin mutane su kashe kaɗan bisa doka zai kwantar da zuciya, ya rage kisan ɓoye. Hujjar tana da daɗin ji, amma Chapron da Treves, a wani nazari na 2016 kan jihohin Wiskonsin da Mishigan, sun ce sun ga alamar akasin haka: a lokutan da aka sassauta doka, haɓakar yawan kyarketai ta ragu fiye da abin da kisan hukuma zai iya bayyanawa, suka fassara ragowar da ƙaruwar kisan ɓoye. An yi musu raddi, kuma gardamar ba ta mutu ba. Abin da ba ya buƙatar lissafi shi ne abin da ya faru a fili. A watan Fabrairun 2021, makonni kaɗan bayan an cire kyarkeci daga jerin tarayya, Wiskonsin ta buɗe farauta da ƙayyade 119 ga maharban jiha. Cikin ƙasa da kwana uku aka kashe 218. A wannan shekarar Idaho ta yi dokar da ta buɗe hanyar rage kyarketanta, waɗanda aka ƙiyasta sun kai 1,500, har zuwa 150. A Wayomin kuwa, a kusan kashi 85 cikin 100 na faɗin jihar, ana iya kashe kyarkeci a kowane lokaci ba tare da wata takarda ba. A can ne a 2024 wani mutum ya banke matashin kyarkeci da babur ɗin kan ƙanƙara, ya ɗaure masa baki, ya kai shi mashaya ana kallo kafin ya kashe shi, kuma tarar da aka fara cin sa ba ta wuce dala 250 ba. Babu maraƙin da aka ceta da wannan.

Ya kamata masu kiwo su fi kowa ƙyamar irin waɗannan abubuwa, domin su ne ke zubar da mutuncin izininsu. A Fabrairun 2022 wata kotun tarayya ta mayar da kāriyar kyarkeci a yawancin ƙasar, ban da yankin duwatsun arewa, kuma a jihohin da abin ya shafa makiyayin da jiya yake da ikon kāre garkensa ya wayi gari ba shi da shi. Cakuɗa izinin tsaron garke da farautar nishaɗi ya jawo wa na farkon laifin na biyun.

Misalin da ya fi kusa da abin da ake nema ya fito ne daga wata dabba da ba a cika kawo ta cikin masu farauta ba. Baƙar ungulun Amurka, wadda ta yaɗu zuwa arewa a shekarun baya-bayan nan, ba ta tsaya ga mushe kaɗai ba. Takan taru a kan saniya mai naƙuda ko maraƙin da aka haifa yanzu, ta fara da idanu da sauran wurare masu laushi. Tana ƙarƙashin kāriyar dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, don haka kashe ta sai da izinin tarayya, wanda neman sa yake cin kuɗi da lokaci, har kakar haihuwa ta wuce takarda ba ta fito ba. A 2015 ƙungiyar manoman jihar Kentaki ta karɓi izini guda babba daga hukumar tarayya, ta riƙa rarraba wa makiyaya ƙananan izini daga cikinsa. Wasu jihohi suka bi sahu. A Indiyana an fara da tsuntsu uku ga kowane mai nema. Adadin kaɗan ne da gangan, domin manufar ita ce a rataye gawar wadda aka harbe, kai a ƙasa, a kusa da garke, abin da aka lura yana korar sauran. Tsarin yana da iyaka a sama wadda hukuma ta sani, yana da sauri a ƙasa inda makiyayi yake buƙata, kuma kowane harbi yana da rahoto. Rauninsa ɗaya ne: ungulu ba ta jewar banza, amma samun ta a kan gawar maraƙi bai nuna ita ta kashe shi ba, tana iya tarar da shi a mace.

Daga waɗannan misalai ana iya ganin siffar izinin da ya cancanci a kāre shi. Kolorado ta ɗauki ma'auni mai ma'ana da ta fassara ɓarna mai naci da aukuwa uku ko fiye cikin kwana 30 daga kyarkeci ɗaya ko gungu ɗaya, kuma ta ce sai an duba ko mai neman izinin ya gwada hanyoyin da ba na kisa ba, da kuma ko akwai abin da ke jawo dabbar wurin. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ramin da ake zubar da mushen shanu a bayan gandu gayyata ce ga duk mai cin nama da ke yankin, kuma a kwarin Blackfoot na Montana makiyaya da kansu suka shirya kwashe mushe saboda wannan dalili. A kwarin Wood River na Idaho, nazarin shekara bakwai ya nuna cewa asarar tumaki a inda ba a ɗauki matakan tsaro ba ta ninka ta inda aka ɗauka sau uku da rabi. Matakan ba wasu na mamaki ba ne: karnukan gadi, da fitilu, da igiya mai jajayen ƙyallaye wadda kyarkeci ke shakkar ƙetarewa na wasu makonni, da mutum a kan doki yana zagaya garke. Duk wanda ya san ruga ya san mafi yawansu. Sai dai suna cin kuɗi, kuma idan hukuma za ta sa su sharaɗin izini, to baitulmalin waɗanda suka zaɓi dawowar kyarkeci shi ya kamata ya biya. In ba haka ba sharaɗin ya zama wata hanyar hana izini da sunan ba da shi.

Ƙasa ko garke

Saura aibin da ba a cika magana a kansa ba, wanda yake cikin sunan abin kansa: izini ga mai fili. Kyarkeci bai san iyakar gona ba, kuma kiwon yammacin Amurka ba a cikin filayen mallaka kaɗai ake yin sa ba. Miliyoyin eka na ƙasar tarayya ne, ana kiwo a kansu da lasisi tun dokar 1934, a kan kuɗin da ya daɗe a dala 1.35 ga saniya da ɗanta a wata har zuwa 2025. Ƙa'idar 1994 ta bambanta tsakanin biyun: mai fili yana harbi nan take, mai kiwo a ƙasar gwamnati sai ya nemi takarda bayan an cika wasu sharuɗɗa. An sassauta bambancin daga baya, amma tunanin da ya haife shi yana nan, wato cewa haƙƙin kāre dabba yana fitowa daga ƙasar da take tsaye a kai. Shi kansa Christy ɗan haya ne. Kuma mutumin da ke kwana da tumaki a duwatsun Idaho da Wayomin sau da yawa ba mai filin ba ne, ba kuma mai tumakin ba. Baƙon ma'aikaci ne, galibi daga ƙasar Peru, wanda ya shigo da bizar aikin gona. Shi ne ke ganin harin, shi ne ya san wane kyarkeci ne ke zuwa, amma sunansa ba ya cikin muhawarar.

Ɗaure izini ga mallakar ƙasa yana haifar da kuskure ta fuska biyu. Yana ba attajirin da ya sayi gandu don hutu, mai ƴan dawakai kaɗan, ikon da ya fi na wanda abincin iyalinsa yake cikin garke. Yana kuma mayar da naman daji, wanda shari'ar Amurka ta daɗe tana ɗauka amana ce a hannun jiha domin kowa, tamkar wani ɓangare na dukiyar wanda ya ratsa ta filinsa. Faransa, inda kyarkeci ya dawo da ƙafarsa daga Italiya a 1992, ta gina nata tsarin a kan wani tushe daban. Shekara da shekaru wakilin gwamnati a gunduma ya kasance yana ba da izinin harbin tsaro ga mai garke, a kusa da garken, bayan ya ɗauki matakan kāriya, kuma duk abin da aka kashe ana cire shi daga iyakar ƙasa baki ɗaya, wadda a 2024 ta kasance kashi 19 cikin 100 na ƙiyasin yawansu, wato kyarketai 209. Idan abin ya fi ƙarfin mai garke, akwai maharban sa kai da hukuma ke naɗawa, muƙamin da asalinsa yake komawa zamanin sarki Sharlaman, wanda mai nazarin sarautun Hausa zai ga kamanninsa da Sarkin Baka. Tsarin Faransa bai gamsar da makiyaya ba, bai kuma gamsar da masu kāre namun daji ba, amma aƙalla ya sa izinin a inda haɗarin yake.

Wannan bambanci yana da amfani ga duk ƙasar da za ta yi sha'awar aron tsarin. A Nijeriya, alal misali, dokar 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma mafi yawan shanun ƙasar suna hannun makiyayan da ba su da takardar mallakar ko taku ɗaya na burtalin da suke bi. Izinin da aka rubuta da sunan mai fili zai tsallake Bafulatanin da kura ke yi wa ɓarna a ruga, ya faɗa hannun mai gandun zamani da ke da shinge da masu gadi.

A Kolorado gwajin yana gudana yanzu. Gungun farko da ya haihu bayan sakin 2023, wanda aka sa wa sunan Copper Creek, ya yi ta cin shanu da tumaki a gundumar Grand cikin 2024. Hukumar namun dajin jihar ba ta ba da izinin kisa ba, sai ta kama gungun a ƙarshen bazarar shekarar, uban ya mutu a tsare, daga baya aka sake sakin uwar da ƴaƴanta a wani wuri. A watan Mayun 2025 ɓarnar ta sake ɓulla a gundumar Pitkin, kuma a wannan karon jami'an hukumar ne da kansu suka harbe ɗaya daga cikin ƴaƴan.